Makarantun Kuɗi A Kinkinau: Gani Ya Kori Ji

 

Duk shekara da zarar watan Satumba ya ƙarato, sai ka ga lungunan Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada sun cika da ƙyallaye da allunan talla, kowace makarantar kuɗi tana shelar cewa ta fara sayar da fom. Wannan ta ce ita ta ƙasa da ƙasa ce, waccan ta ce a wurinta yaro zai haddace Alƙur'ani kuma ya iya kwamfuta, wata kuma ta manna hoton yara sanye da kwat da laƙtaye suna murmushi. A daidai wannan lokaci ne ɗan'uwa matashi, wanda bai daɗe da ajiye iyali ba kuma ɗansa na fari ya isa shiga makaranta, yake shiga tsaka mai wuya. Haka nan wanda mahaifinsa ya rasu ko ƙarfinsa ya ƙare, nauyin ƙannensa ya dawo wuyansa. Abin da yake samu a Kasuwar Bacci, ko a Panteka, ko a kan Keke Napep, ko a shagon ɗinki, da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, ga shi kuma dole ya yanke shawarar da za ta bi yaro har tsufansa.

Abin takaici shi ne da yawa daga cikin 'yan'uwa sun fi ɓata lokaci wajen zaɓen wayar da za su saya fiye da zaɓen makarantar da za su kai 'ya'yansu. Mai sayen waya zai zagaya shaguna, ya kunna ta, ya gwada batirinta, ya tambayi wanda ya taɓa riƙe irinta. Amma idan aka zo batun makaranta, sai ya wadatu da cewa maƙwabcinsa can ya kai nasa, ko kuwa yunifom ɗin ya yi wa maiɗakinsa kyau. Alhali yaro amana ce, kuma umarnin da ya zo a aya ta 6 ta Suratut Tahrim game da tsare iyali ya hau kan uba kafin ya hau kan kowane malami. Wanda ya miƙa ɗansa ga wani na tsawon sa'o'i shida ko takwas a kullum, ya wakilta shi ne a kan wannan amana, kuma wakilci ba ya sauke tambaya daga wuyan wanda ya wakilta.

Kafin a zo kan yadda za a zaɓa, yana da kyau a san yadda aka yi ilimi ya koma haja. Tun da Bature Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, iyaye Musulmi suke ɗari-ɗari da boko, domin sun ga wanda ya kawo ta da kuma abin da ya kawo ta dominsa. Wannan ne ya sa masu hangen nesa, irin su Malam Aminu Kano a shekarun 1950, suka tashi tsaye wajen kafa makarantun Islamiyya masu aji da allo da tsarin darussa. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta, yara suka yi tururuwa, aka ɗebo malamai cikin gaggawa. Shekara goma bayan haka, a 1986, Babangida ya rungumi shirin SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun ba da Lamuni na Duniya, darajar Naira ta faɗi, aka tsuke bakin aljihu a kan ilimi da lafiya, albashin malami ya zama abin tausayi. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin mai suna UBE a Sakkwato, kuma dokarsa ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Dokar tana nan a takarda, amma uban da ya leƙa ajin da yara suke zaune a ƙasa sun yi wa malami ɗaya yawa, shi ya san abin da idonsa ya gani.

Kaduna kuma tana da nata ƙarin dalilin. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002 sun raba garin gida biyu, Musulmi da yawa suka baro kudancin kogi suka dawo arewacinsa. Unguwanni irin su Rigasa da Kinkinau da kewayensu suka tumbatsa da jama'a, ba tare da an gina makarantun gwamnati daidai yawan mutanen ba. Sannan a 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su. A 2022 ta sake sallamar wasu 2,357. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi wannan aiki ko bai yarda ba, saƙon da ya isa kunnen talaka shi ne makarantar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Nan da nan duk mai gida ɗaki shida da ɗan jari ya ga kasuwa ta buɗe.

Amma akwai abin lura a nan wanda mutane ba su cika tsayawa a kansa ba. Waccan jarrabawa ta 2017 malaman gwamnati kaɗai ta shafa. Saboda haka wanda ya gudu daga makarantar gwamnati don an ce malamanta sun faɗi jarrabawa, ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ya kamata ya tambayi kansa: wa ya jarraba malamin da ya gudo wurinsa? Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya haifar da ilimi. A cikin makarantun kuɗi akwai waɗanda masu su suka kafa don Allah da kishin al'umma, suna ta faɗi-tashi, wani lokaci har da aljihunsu suke cike giɓin albashi. Akwai kuma waɗanda shago ne kawai aka sa masa allo. Daga waje duk kamarsu ɗaya, har wani lokaci ta biyun ta fi ƙyalli. Aikin uba shi ne ya rarrabe, kuma ba a rarrabewa daga bakin ƙofa.

Abu na farko shi ne ɗan'uwa ya je da ƙafarsa, a ranar karatu, a lokacin da ba a sa ran zuwansa. Ranar bikin ba da kyaututtuka ko ranar taron iyaye ba ta nuna komai, domin ranar ado ce. Ya nemi izini ya zagaya, ya ƙirga yaran da ke cikin aji, ya duba ko akwai taga da iska take shiga, ya leƙa makewayi ya ga ko na maza daban ne da na mata, ya tambayi inda yara suke samun ruwan sha da na alwala. Idan bene ne, ya dubi matakala da bango da kyau, musamman in gidan zama ne aka ɗora wa hawa aka mayar makaranta. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makarantar kuɗi mai bene ya rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Iyayen waɗannan yara su ma kuɗi suke biya. Makarantar da ta hana uba shiga ya ga inda ɗansa zai zauna ta riga ta ba shi amsar da yake nema.

Abu na biyu shi ne rajista. A Jihar Kaduna akwai Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu, wadda aikinta ya haɗa da yi wa makarantun kuɗi rajista da sa ido a kansu. Ba rashin kunya ba ne uba ya ce a nuna masa takardar amincewar gwamnati. Idan sakandare ce, ya tambaya ko makarantar tana da lambar cibiyar jarrabawa ta kanta a WAEC ko NECO, ko kuma a hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar Larabci da darussan Musulunci, ko kuwa kwasar yara take yi ta kai su wata makarantar idan lokaci ya yi. Takardar rajista ba ta tabbatar da cewa ana koyarwa, amma rashinta yana nufin wata rana za a iya wayar gari a ga kwaɗo a ƙofa, shekarun yaro da kuɗin ubansa sun bi ruwa.

Abu na uku, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne malami. Makaranta malami ce, ko da a gindin bishiya take. A tsarin ƙasar nan takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma akwai hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa tun 1993. Sai dai tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: malamai nawa ne a makarantar suka shekara uku suna koyarwa a cikinta? Inda malami yake canzawa duk zango, yaro kullum a farkon littafi yake. Dalilin yawan canjin kuwa a lissafi yake. A ɗauka, a matsayin misali, makaranta tana karɓar Naira 15,000 a zango, aji yana da yara 30. Abin da ajin zai tara shi ne Naira 450,000, in har kowa ya biya, abin da ba ya faruwa. Zango uku ne a shekara, wato kowane zango sai ya ɗauki nauyin wata huɗu, sai ya zama Naira 112,500 ke nan a wata. A ciki za a fitar da kuɗin haya, da albashin hedimasta da maigadi da mai shara, da alli da takardu, da harajin gwamnati, da ribar mai makaranta. Me ya rage wa malamin ajin? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suka faɗo. Malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, jikinsa yana aji ne hankalinsa yana wurin neman wani aikin. An ga haka ƙarara a 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, malaman makarantun kuɗi da yawa suka yi watanni babu ko sisi. Don haka idan ɗan'uwa ya ga kuɗin makaranta ya yi araha ƙwarai, ya san cewa wani ne yake biyan cikon, ko dai malamin da yunwarsa, ko yaron da jahilcinsa.

Wannan ba ya nufin mai tsada ita ce mai kyau. Sau da yawa abin da ake sayar wa iyaye a makaranta mai tsada shi ne fenti, da motar ɗaukar yara, da Turancin baki. A nan ne ake yi wa 'yan'uwa da yawa sakiyar da ba ruwa. Yaro ɗan shekara biyar ya dawo gida yana rera waƙoƙin Turanci, yana gaida baƙi da Turanci, sai uba ya ji kansa ya yi girma, ya ce kuɗinsa sun yi aiki. Aku ma yana maimaita abin da ya ji. Wasu makarantun har tarar kuɗi ko bulala suke yi wa yaron da ya yi Hausa a harabarsu, kamar harshen uwarsa wani laifi ne. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama Ministan Ilimi, ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda. Sakamakon ya nuna waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har a shi kansa Turancin. Yaro yana fara fahimta ne da harshen da yake tunani da shi. Koyon Turanci da Larabci abu ne da ake buƙata, babu mai musun haka, amma makarantar da take sa yaro jin kunyar Hausa tana raba shi da kakarsa da malamin zaurensu, tana kuma dasa masa raina kansa tun yana ƙarami.

Hanyar gane ko ana koyarwa ba ta buƙatar digiri. Ɗan'uwa ya samu yaron maƙwabci ko na dangi da ya shekara uku ko huɗu a makarantar da yake tunanin zaɓa. Ya ba shi shafin wani littafi da bai taɓa gani ba ya ce ya karanta, sannan ya ce ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Ya ce masa in an aike shi da Naira 1,000 ya sayo abu uku na Naira 250 kowanne, nawa ne canji. Ya karɓi littattafan aikinsa ya duba ko malami yana gyarawa da gaske, ko kuwa jan biro kawai yake ja. Katin sakamako ba abin dogaro ba ne, domin makarantar da take tsoron kada uba ya cire ɗansa ba za ta rubuta masa cewa ɗan ya faɗi ba. Akwai makarantun da kowane yaro a cikinsu mai ƙoƙari ne a takarda, sai ranar da ya zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, inda babu mai raɗa masa amsa, sannan asiri ya tonu.

Wannan ya kawo batun satar amsa. Akwai makarantun da abin alfaharinsu shi ne ɗalibansu ba sa faɗuwa WAEC ko NECO, kuma kowa a unguwa ya san yadda ake yi: ana karɓar wani kuɗi na daban, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo. Uban da ya biya wannan kuɗi ya sani cewa da hannunsa ya koya wa ɗansa ha'inci, kuma ya koya masa cewa addinin da ake karanta masa da safe ba ya aiki idan an zo wurin buƙata. Ɗan'uwan da yake kukan cewa azzalumai sun cinye dukiyar ƙasa da takardun bogi da maguɗin zaɓe, ba shi da bakin magana in shi ma ya saya wa ɗansa sakamakon da bai yi wa wahala ba. Gara yaro ya faɗi ya sake zama da gaskiyarsa.

Sai batun addini, wanda saboda shi ne 'yan'uwa da yawa suke zaɓar makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya ko Tahfiz. Niyyar tana da kyau, kuma haɗa karatun biyu ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu fursunonin Ƙuraishawa da ba su da dukiya. Amma sunan Larabci a jikin allo ba shaida ba ce. Ya kamata uba ya tambayi wane ne malamin Alƙur'ani, a gaban wa ya yi karatu, sa'a nawa ake ba darasin a mako. Idan an ce yaro ya haddace izu kaza, a buɗe masa Mus'hafi a tsakiyar sura a ja masa baƙi a ji ko zai ɗora, a kuma saurari tajwidinsa. A duba ko ana tsayar da darasi idan lokacin Azahar ya yi, ko akwai wurin salla, ko malamai da kansu suna shiga sahu. A kalli yadda yaron makarantar yake alwala, da yadda yake magana da mahaifiyarsa. A kuma saurari abin da ake cusa wa yara game da sauran Musulmi. Makarantar da yaro ɗan shekara takwas zai fito daga cikinta yana kafirta maƙwabcinsa ko yana aibata kakansa, tun bai gama sanin farillan alwala ba, ta cuce shi ta cuci al'umma. Haka nan a lura da tsawon wuni. Yaron da zai fita tun bakwai na safe ba zai dawo ba sai biyar na yamma yana buƙatar abinci da hutu a tsakani, in ba haka ba karatun yamma gyangyaɗi ne kawai.

Game da tsaro da mutuncin yaro kuwa, abin da ya faru a kusa ya isa wa'azi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, wanda yake ɗauke da suna irin na makarantar addini, suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi, da zaton gyaran tarbiyya ake yi musu. A Kano kuma, a Disamban 2021, aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar, daga baya aka gano cewa mai makarantar kuɗin da take zuwa ne ya sace ta ya kashe ta, kuma kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Allah Ya kiyaye. Darasin shi ne a san mai makaranta kafin a san makaranta. Wane ne shi, a ina yake zaune, a wane masallaci yake salla, me dattawan unguwarsu suke faɗa a kansa? Wa ake miƙa wa yaro idan an tashi? Wane irin horo ake yi wa wanda ya yi laifi? Ladabtarwa daban, azabtarwa daban. Kuma makarantar da take kusa da gida, wadda yaro zai je da ƙafa ba tare da tsallaka babban titin Nnamdi Azikiwe mai manyan motoci ba, wadda uwa za ta iya leƙawa in ta ji shiru, tana da wata daraja da ba a rubuta ta a takardar talla.

Daga nan sai lissafin aljihu, kuma a nan ake son ɗan'uwa ya yi wa kansa gaskiya. Kuɗin zango da ake faɗa a baki somin-taɓi ne. Bayansa akwai kuɗin fom, da yunifom kala biyu ko uku, da littattafan da ba a yarda a saya a kasuwa ba sai a ofishin makaranta, da kuɗin jarrabawa, da na darasin yamma, da na ƙungiyar iyaye da malamai, da na bikin yaye ɗalibai wanda har 'yan nazare ake ɗinka wa riga da hula. A nemi a rubuta duk waɗannan a takarda ɗaya tun kafin a sayi fom, a kuma tambayi sau nawa aka yi ƙarin kuɗi tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Sannan a tuna cewa yaro ɗaya ba ya zama shi kaɗai. Mai 'ya'ya uku da yake biyan Naira 20,000 a kan kowanne a zango, Naira 180,000 ke nan a shekara, kafin littafi da yunifom. Ga mai albashin Naira 70,000 a wata, wannan ya haura kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da yake samu a shekara. Daidai ruwa daidai tsaki. Makaranta matsakaiciya da uba zai iya riƙewa shekara shida a jere ta fi mai tsada da za a riƙa koro yaro daga cikinta duk tsakiyar zango yana kuka a gaban sa'o'insa. Kuma haramun ne a ci bashin ruwa, ko na banki ko na manhajojin waya, don a burge maƙwabta. Haka nan ɗabi'ar nan ta tara bashin zango biyu a wata makaranta sannan a zare yaro a kai shi wata, cin haƙƙi ne, domin albashin wani malami ne mai iyali aka gudu da shi.

Wanda kuma lissafinsa ya nuna masa ba zai iya ba, kada ya ji kunya. Ya kai ɗansa makarantar gwamnati da safe, ya haɗa masa da Islamiyya mai nagarta da yamma, ya zauna da shi rabin sa'a bayan Magariba yana duba littafinsa. Yaron da ubansa yake bibiyar karatunsa a makarantar gwamnati yakan wuce wanda aka jefa a makarantar kuɗi aka manta da shi. Abin da ba shi da uzuri shi ne a zaɓa wa namiji makaranta mai kyau a bar mace da talla ko da abin da ya samu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Duk mai da'awar bin tafarkin Shehu ba zai bambanta tsakanin ɗa da 'ya a wurin neman ilimi ba.

Ala kulli halin, kada wannan duka ya mantar da kowa asalin matsalar. Ilimin farko haƙƙi ne da doka ta ɗora wa gwamnati, kuma talakan da yake biyan haraji sannan ya biya kuɗin makaranta sau biyu ya biya. Shugabannin da 'ya'yansu suke karatu a Ingila da Dubai ba za su ji zafin ajin da rufinsa ya yaye ba, sai an tuna musu. Wajibi ne a ci gaba da matsa wa hukumomi lamba su gina azuzuwa a unguwannin da jama'a suka yi yawa, su ɗauki malamai ƙwararru su biya su a kan kari, masu duba makarantu kuma su riƙa shiga aji suna ganin abin da ake koyarwa, kada aikinsu ya tsaya a karɓar kuɗin sabunta rajista. Masu makarantun kuɗi su ma su ji tsoron Allah a kan albashin malamansu da kuma abin da suke rubutawa a allunan tallarsu.

Su kuma 'yan'uwa matasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace unguwa akwai masu NCE da masu digiri da mahaddata a cikinsu. Babu abin da zai hana su ware mutum uku ko huɗu da za su riƙa raka wanda bai yi karatu mai zurfi ba zuwa duba makaranta, su taya shi yin tambayoyin da shi ba zai iya ba. Babu abin da zai hana su buɗe darasin Asabar da Lahadi kyauta a zaure ko a harabar masallaci don yaran makarantun gwamnati, ko su kafa asusun taimakon marayun da aka koro saboda kuɗin zango. Su kuma riƙa halartar taron iyaye da malamai da kansu, kada su bar wa mata su kaɗai, domin makarantar da ta san iyaye suna zuwa suna tambaya ba ta yin sakaci kamar wadda ta san babu mai leƙowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ɗan'uwa ya zaro kuɗin fom a wannan zango, ya ba da wuni ɗaya daga cikin kwanakin nemansa, ya je ya gani da idonsa, ya yi shawara da na gaba da shi, ya yi istihara, sannan ya biya.

Allah Ya shirya zuri'ar Musulmi, Ya ba iyaye ikon sauke amanar da ke wuyansu, Ya saka wa malaman kirki da alheri.